Yadda Ake Mayar da Hoton Takarda Zuwa PDF a Wayar Hannu

PDF wani nau'in fayil ne da kamfanin Adobe ya fitar a 1993, wanda ke riƙe takarda yadda take, ko a waya aka buɗe ta ko a kwamfuta, kuma yana haɗa shafuka da yawa wuri ɗaya. Shi ya sa makarantu da ma'aikatu suka fi son sa. Ɗalibin da ke neman gurbi a Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe, sau da yawa sai ya ɗora sakamakon WAEC ko NECO, da takardar haihuwa, da shaidar asalin ƙaramar hukuma. Duk wannan ana iya yin sa da wayar da ke aljihu, ba sai an biya kuɗin Keke Napep zuwa shagon kwamfuta ba.

1. Shirya takarda

A miƙe takardar, a cire fil ko ƙusar da ta haɗa shafuka, a shimfiɗa ta kan abu mai duhu kamar tebur ko darduma marar zane. Farar takarda a kan farin tayil tana rikita manhaja, ta kasa gane inda gefen takardar ya tsaya.

2. Ɗaukar hoto

Nan ne aikin yake, kuma nan mafi yawan mutane ke ɓata shi. Da wuya manhaja ta gyara hoton da aka ɗauka a dushe. Da farko a goge idon kyamara da gefen riga mai laushi, domin ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna sa rubutu ya fito kamar hazo ya rufe shi.

Haske mafi kyau shi ne na rana a cikin inuwa, kamar a baranda ko bakin taga da hantsi. Tsakar rana a fili tana wanke rubutu, ƙwan lantarki na ɗaki kuma yana jefa inuwar hannu da ta wayar a tsakiyar shafi. A kashe filasha. Takardun shaida da aka manne da leda su suka fi wahala: filasha tana haifar da farin tabo, kuma sau da yawa tabon yakan faɗa daidai kan lambar jarrabawa ko hatimi. Idan ledar tana sheƙi, a juya takardar ta yadda haske zai zo daga gefe, a ɗan ja baya, sannan a ɗauka.

A riƙe wayar daidai saman takardar, kada a karkata ta, kusurwoyi huɗu duka su fito. A taɓa tsakiyar rubutun a allon waya har ya fito tar kafin a danna. Bayan nan a faɗaɗa hoton da yatsa biyu a duba ƙananan rubutu, da sa hannu, da kwanan wata. Abin da ido bai karanta ba a nan, jami'in tantancewa ma ba zai karanta ba.

3. Mayarwa zuwa PDF

A wayar Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, hanya mafi tsabta ita ce Google Drive, wadda yawanci take zuwa da wayar. A buɗe ta, a danna alamar kyamara ko Scan, a ɗauki shafi, a gyara gefuna, a ƙara sauran shafuka, a adana. Idan hoton yana cikin wayar tun da, a buɗe shi, a zaɓi Print, sannan Save as PDF.

A iPhone, manhajar Notes tana da Scan Documents, kuma aikinta ɗaya ne da na Google Drive. Adobe Scan ma tana da kyau. CamScanner ta kyauta takan buga tambarinta a ƙasan shafi, abin da bai dace da takardar neman aiki ba.

4. Rage nauyi

Shafukan rajista na intanet sukan ƙayyade girman fayil, wani a kilobait, wani a megabait, don haka a karanta ƙa'idar tun kafin a fara. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait biyu ko fiye. Mayar da shafi zuwa baƙi da fari yana rage nauyi sosai, sai dai takarda mai hoton fuska ko jan hatimi a bar ta da launinta. Akwai shafukan intanet masu matse fayil kamar iLovePDF, amma takardar da ke ɗauke da lambar NIN ko BVN ba ta cancanci a ɗora ta ko'ina ba. Bayan an matse, a sake buɗewa a tabbatar rubutun bai narke ba.

5. Suna da aikawa

A ba fayil suna mai ma'ana, sunan mai shi da irin takardar, a tabbatar shafuka suna jere kuma babu wanda ya kife. In za a tura wa mai shagon buga takardu ta WhatsApp, a tura shi a matsayin Document, domin hoton da aka tura kai tsaye ana rage masa inganci. Idan a kwamfutar shago aka buɗe fayil ɗin, a nemi a goge shi bayan an gama, a kuma ajiye kwafi a imel ko Google Drive saboda ɓatan waya ko lalacewarta.