Rage gudun hoto, tsohon wasa ya daidaita

Samarin Filinge da sauran ƙasar Kurfai masu buga GTA San Andreas a sabuwar kwamfuta, idan CJ, jarumin wasan, ya yi nauyi wajen ninƙaya ko mota ta riƙa gardama, kada ku zargi injin. Wasan na 2004 ne, an ɗaure lissafin motsinsa da hotuna kusan 30 a daƙiƙa. Sabon inji kuwa na iya zubo fiye da 100, sai lissafin ya rikice. Ku shiga saitin allo ku kunna Frame Limiter, mai rage gudun hoton. Wani zai ce an tauye ƙarfin inji. To, wannan ƙarfin ne ke ɓata motsin, kuma a zafin bazarar Kurfai, injin da aka sassauta wa ba ya saurin ɗaukar zafi, batirinsa ma ya fi daɗewa.