'Yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi

'Yata, na ji halin da gidanku yake ciki tun da Allah ya kuɓuto da mijinki daga hannun masu garkuwa. Ba ya samun barci. Ƙarar babur tana razana shi. Abu kaɗan ya hau faɗa, ke kuma kin fara zaton ya daina son ki. Bai daina ba. Mutum yakan dawo gida a rana ɗaya, amma firgici yakan daɗe bai sake shi ba. Idan haka ya wuce wata guda, a nemi masani.

Kada ki bar addu'a. Neman magani ma ai ba ƙarancin tawakkali ba ne. Ki san ƙofofin neman taimako biyu ne. Saɓanin miji da mata na sulhu ne, kuma Suratun Nisa'i ta nuna a kira mai sasantawa daga kowane dangi. Shi kuwa ciwon firgici, "a yi haƙuri" kaɗai ba ya warkar da shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitan ƙwaƙwalwa yana iya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam da zama da tattaunawa yake aiki. Sau da yawa tare suke tafiya.

Na san mutanenmu, za a ce asibitin mahaukata ne. Bar su. Yaran da ke kwana cikin tsawa su ne za su biya kuɗin wannan kunyar idan sun girma.

In kun je, ki lura da wanda aka haɗa ku da shi. Na ƙwarai yana sauraro fiye da magana. Yana riƙe sirri. Ba ya ɗaukar ɓangare, ba ya tilasta wa maigida ya ba da labarin daji tun bai shirya ba. Wanda ya yi alkawarin waraka a zama ɗaya, ku yi masa sallama. In hankalinku bai kwanta da wani ba, ku nemi wani, ba laifi.

Abu ɗaya, 'yata. In abin ya kai ga duka, tsaron lafiyarki da ta yara ne farko, ki sanar da magabatanki.

In ya ƙi zuwa, kada ki matsa. Fara zuwa da kanki, mai jinya ma yana gajiya. Sannan ki samu wanda yake jin nauyinsa, kawu ko liman, ya raka shi. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan haƙuri.