Madara da Kumburin Ciki

Tambaya: Wata baiwar Allah ta ce shayi da madara kan kumbura mata ciki har da gudawa, amma kindirmo ba ya damunta.

Amsa: Alamun sun yi kama da ƙarancin laktes, wato sinadarin da hanji ke narkar da sukarin madara da shi, wanda kan ragu ga yawancin mutane bayan yaye, kindirmo kuwa tsaminsa ya riga ya rage sukarin. Ya kamata Malama ta dakatar da madara na mako 2, sannan ta dawo da ita kaɗan-kaɗan tare da abinci, kada ta yanke nono, domin ƙashi na buƙatarsa. Idan leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, matsalar dabam ce, sai asibiti nan take.