Takin Gawayi: Hanyar Farfaɗo da Gonar da Ta Gaji

Manomin doya da masara a Panda, cikin Ƙaramar Hukumar Karu kusa da Keffi, ya san abin da kan sami takin zamani idan damina ta kankama. Ƙasar wannan yanki ba ta da wadatar ruɓaɓɓen ganye, saboda haka ruwan da ake yi daga Afrilu zuwa Oktoba yakan nutse da taki inda saiwa ba ta kaiwa. Kuɗi sun tafi, gona kuwa tana nan da yunwarta.

Akwai magani a cikin abin da muke cinna wa wuta kowace kaka, watau karan dawa, da totuwar masara, da ɓawon gyaɗa. Idan an ƙone su a fili, toka kaɗai za a samu, iska ta kwashe. Amma idan an ƙone su inda iska ba ta shiga sosai, sai su zama gawayi. Shi gawayi cike yake da ƙananan ƙofofi kamar soso. Yana riƙe ruwa da abincin shuka, yana rage tsamin ƙasa, kuma yakan daɗe ƙwarai bai ruɓe ba. A kurmin Amazon na ƙasar Barazil akwai baƙar ƙasa wadda mutanen da suka cuɗa da gawayi tun ɗaruruwan shekaru, har yanzu ta fi ta kewayenta albarka.

Ga yadda ake yi. A haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, kamar mazurari. A kunna wuta a gindin, a riƙa zuba busasshen kara kaɗan-kaɗan. Da zarar farar toka ta soma bayyana a sama, sai a ƙara wani. In rami ya cika, a kashe wutar da ruwa, sa'an nan a daka gawayin.

A nan ne fa ake yin kuskure. Gawayi tsura ba taki ba ne, rumbu ne, kuma rumbun da babu kome a ciki. Wanda ya zuba shi haka nan yana iya ganin masararsa ta yi rawaya a shekarar fari, domin gawayin zai fara tsotse abincin da ke cikin ƙasa. Lalle ne a cuɗa shi da kashin shanu, ko na kaji, ko takin juji, a yayyafa ruwa, a rufe mako 2 zuwa 4 kafin a kai gona. A sa shi cikin kunya ko tudun doya, inda saiwa za ta same shi. Ba ya hana sa takin zamani. Taimaka masa yake yi ya zauna.

Kada a sare itace domin wannan aiki, ragowar amfanin gona ta isa. A gwada a kunya 10 tukuna, a bar 10 na kusa da su babu gawayi, a kira malamin gona ya ga awon duka biyun ranar girbi.