Gwangwanin Feshi Mai Ɗaki Biyu

Da wuya a sami gidan da babu gwangwanin feshi a cikinsa. Wani na maganin sauro ne, wani na turare, wani na fenti. Yawancinmu mun iya danna kansa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi abin da ke faruwa a ciki. A wannan darasi za mu duba wani iri na musamman, wato gwangwanin da ake zuba abubuwa biyu a cikinsa amma a raba musu ɗaki, kada su gamu sai lokacin aiki ya yi.

Yadda gwangwanin feshi yake aiki

Kafin mu kai ga mai ɗaki biyu, ya kamata mu fahimci mai ɗaki ɗaya. Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka yi shi: gwangwanin kansa, kayan da ake so a fesa, iskar da ke tura kayan waje, da kuma bawul da ke saman gwangwanin tare da siririn tiyo da ya sauka har ƙasa.

Iskar turawa ita ce ƙashin bayan aikin. A yawancin gwangwanayen yau iskar butan ce ko furofan, irin wadda ke cikin tukunyar gas ta girki. Butan yana tafasa a kusan digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, furofan kuwa a digiri 42 ƙasa da sifiri. Saboda haka a zafin ɗaki iska ne su, sai dai idan an matse su a rufaffen wuri sai su koma ruwa. A cikin gwangwani wani sashe yana nan a ruwa, wani sashe kuma ya zama iska ya taru a sama yana danna ruwan ƙasa. Da ka taɓa bawul, ka buɗe hanya ke nan, sai matsin ya koro ruwan ta cikin tiyo ya fito. Da ya fito fili, iskar da ke gauraye da kayan sai ta tafasa nan take, ta tarwatsa su su zama 'yan mitsi-mitsin ɗigo. Kuma duk lokacin da aka rage kayan, wani sashe na ruwan gas zai sake zama iska ya cike gurbin. Shi ya sa ƙarfin feshin ba ya raguwa sosai har gwangwanin ya kusa ƙarewa.

Taƙaitaccen tarihi

Wani injiniya ɗan ƙasar Norwai, Erik Rotheim, shi ne ya ƙago gwangwanin feshi mai bawul a shekarun 1920, Amurka kuma ta ba shi takardar mallakar ƙirƙirar a 1931. Amma abin bai yaɗu ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 Lyle Goodhue da William Sullivan, masu bincike a ma'aikatar gona ta Amurka, suka ƙera ƙaramin gwangwanin maganin sauro, aka riƙa ba sojojin da ke yaƙi a tsibiran tekun Fasifik inda zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da su. A 1949 Robert Abplanalp ya fito da bawul mai araha wanda ake iya ƙerawa da yawa, daga nan gwangwanin feshi ya shiga kasuwa sosai.

Da farko ana tura kayan ne da wasu sinadarai da ake kira CFC a taƙaice. A 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa waɗannan sinadarai suna cinye iskar ozon da ke kare mu daga mugun hasken rana. Amurka ta hana sa su a yawancin gwangwanayen feshi a 1978, sannan a 1987 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Montreal don a daina yin su. Dalilin da ya sa aka koma ga butan da furofan ke nan. Sai dai su kuma suna da nasu aibin, domin suna kama wuta.

Me ya sa ake raba ɗaki?

Akwai kayan da amfaninsu yana cikin haɗuwarsu ne, kuma da zarar sun haɗu ba a iya tsai da su. Dubi gam ɗin nan Araldite da ake sayarwa cikin tiyu biyu. Kowane tiyu zai yi watanni a ajiye bai canja ba, amma da ka gauraya su sai su fara daskarewa, kafin wani lokaci sun zama kamar dutse. Da a ce masana'anta ta haɗa su tun can, da abin da zai iso hannun mai saye dunƙulen banza ne.

Wannan dabara ta girmi gwangwanin feshi. Tsohuwar na'urar kashe gobara ta ƙarni na 19 tana da ruwan soda a babban ɗaki, da ƙaramar kwalbar asid a samansa. Idan gobara ta tashi sai a kifa na'urar ko a fasa kwalbar, asid ya gamu da soda, iskar kabon dayoksaid ta taso ta koro ruwan da ƙarfi. Yanzu an daina amfani da irinta a yawancin ƙasashe, amma tunanin da ke bayanta yana nan.

Ko a cikin halittu ma akwai mai wannan hikima. Wani ƙwaro da ake yi wa laƙabi da mai harbin bam, wanda ake samun jinsinsa har a Afirka, yana ajiye sinadarai a wata jaka cikin cikinsa, abin da ke tayar da su kuma yana wani ɗaki dabam. Idan maƙiyi ya taɓa shi sai ya tura sinadaran zuwa ɗaki na biyu, su tafasa har zafinsu ya kai digiri 100, ya feshe maƙiyin da su.

Hanyoyi uku na ƙira

Hanya ta farko ita ce ɗaki cikin ɗaki. Ana amfani da ita a fentin mota mai haɗi biyu. Babban gwangwani yana ɗauke da fenti da iskar turawa, a cikinsa kuma akwai wani ƙaramin rufaffen mazubi mai ɗauke da sinadarin da ke sa fenti ya yi tauri. A gindin gwangwanin akwai wani ɗan tsinke. Mai aiki zai ciro maɓalli daga murfi, ya ɗora a kan tsinken, ya danna da ƙarfi har ƙaramin mazubin ya huje, sannan ya girgiza na kimanin minti 2. Fentin da ya fito ta wannan hanya ya fi na kullum tauri, kuma fetur ba ya narkar da shi da sauƙi. Amma daga lokacin da aka danna maɓallin, agogo ya fara bugawa. Cikin kwana ɗaya ko biyu sauran fentin zai daskare a ciki, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba.

Hanya ta biyu ita ce a sa jaka a cikin gwangwani, kayan biyu kuma su gamu a bakin bawul kawai. A ƙarshen shekarun 1960 wasu kamfanoni a Amurka sun sayar da kumfar aski mai fitowa da ɗumi. Sinadarin haidirojin feroksaid yana cikin jaka, sabulun da ke wajen jakar kuma an gauraya shi da wani sinadarin da idan ya gamu da feroksaid sai zafi ya taso. A yau akwai gwangwanaye masu jaka biyu a maƙale da bawul ɗaya, an kewaye su da matsattsiyar iska ko naitirojin. Iskar tana matse jakunkunan daga waje kamar yadda hannu yake matse man goge haƙora, ba ta taɓa kayan ko kaɗan. Amfanin wannan hanya shi ne, abin da aka fitar shi kaɗai ya haɗu, sauran yana nan lafiya har wani jiƙon.

Hanya ta uku ita ce gwangwani biyu kafaɗa da kafaɗa, kai ɗaya ya haɗa su. Ana sayar da rinin gashi a haka a ƙasar Japan: ɗaya yana da rinin, ɗaya yana da feroksaid mai fito da launi. Haka kuma kumfar foliyuretan da magina ke toshe ramuka da ita. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka gano foliyuretan a Jamus a 1937. Kumfar gwangwani ɗaya tana dogara ga laimar iska kafin ta yi tauri, don haka a busasshiyar iska irin ta hunturu takan yi jinkiri sai an yayyafa wa wurin ruwa. Mai haɗi biyu kuwa ba ruwanta da laima, da abokin aikinta take tafe.

Wahalar da injiniyoyi ke fuskanta

Kada mu ɗauka abin wasa ne. Matsala ta farko ita ce ma'auni. Idan ana bukatar kashi ɗaya na wannan da kashi ɗaya na wancan, dole haka za su riƙa fitowa tun daga feshin farko har na ƙarshe. Amma wani kaya ya fi wani kauri, mai ruwa-ruwa kuma yakan riga mai kauri fita. Sai an auna faɗin kowace kafa a cikin bawul don a daidaita su. Matsala ta biyu ita ce toshewa, domin ɗan abin da ya rage a baki yakan daskare, shi ya sa ake wanke bakin ko a canja shi. Ta uku ita ce bangon da ke tsakani. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramar kafa a jikin jaka ta isa ta lalata kayan tun suna kanti. Waɗannan dalilai ne suka sa irin wannan gwangwani ya fi na kullum tsada.

Abin da ya shafi lafiyarmu

Sinadarin da ke taurara fentin mota da kumfa, wato aisosayanet, yana iya jawo cutar asma ga mai shaƙarsa, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ko ɗan kaɗan ya shaƙa daga baya sai numfashinsa ya sarƙe. Ƙyalle ko hankici a hanci ba ya tare shi. Mai fenti yana bukatar abin rufe fuska da aka yi don wannan aiki, da safar hannu, da wuri mai iska. Wanda yake da wa ko ƙane a garejin fenti, ya kyautu ya isar masa da wannan.

Zafi ma abin lura ne. Yawancin sinadarai sukan ninka saurin aikinsu idan zafi ya ƙaru da kimanin digiri 10. Wa'adin da ke rubuce a jikin gwangwani an auna shi ne a digiri 20. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafi yakan wuce digiri 40, don haka fentin zai daskare tun kafin wa'adin ya cika. Haka kuma ana gargaɗin kada gwangwanin feshi ya wuce digiri 50, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yakan wuce haka. Kada a huda gwangwani, kada a fesa kusa da wuta, kada kuma a jefa shi a jujin da ake ƙonawa, domin wanda ake gani kamar ya ƙare yana da sauran gas da zai iya fashewa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Gwaji a aji

A daka kanwa ta yi laushi, a zuba cokali ɗaya cikin balan-balan. A matse lemun tsami cikin kwalbar roba. A sa bakin balan-balan a bakin kwalbar ba tare da kanwar ta zube ba. Muddin suna rabe, babu abin da zai faru. Sai a ɗaga balan-balan kanwar ta faɗa ciki, za a ga kumfa ta taso, balan-balan ya fara kumbura. Kada a rufe kwalbar da murfinta.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙarfin feshi ba ya raguwa sosai a gwangwani mai butan?
2. Wane bambanci ke tsakanin hanya ta farko da ta biyu wajen ajiye sauran kaya?
3. A gwajin da muka yi, wace iska ce ta kumbura balan-balan, kuma wace tsohuwar na'ura ce take aiki da ita?
4. Kawo dalilai biyu da suka sa ba a jefa gwangwanin feshi cikin wuta.