Makullin ruwa da ƙarfin ruwa a gida

Garuruwa da yawa sun samu shato, wasu magidanta kuma sun ja tiyo har cikin gida. Wanda ya ja ruwa, ya kamata ya san makullinsa.

Ƙarfin ruwa daga tsawon shato yake zuwa. Ana auna shi da bar. In ruwan shato ya fi robine bisa da mita 10, ƙarfinsa bar 1 ne. In mita 20 ne, bar 2. Shi ya sa ruwa ya fi ƙarfi a gidan kwari bisa ga gidan tudu.

Kusa da kontar, wato mai ƙirga ruwa, akwai babban makulli. Masu aikin pampo suna ce masa van. Iri biyu aka fi gani. Mai hannu dogo, in hannun ya bi tsawon tiyo, a buɗe yake. In ya gitta, a rufe yake. Mai kai kamar ƙafar keke, a murɗa dama a rufe, a murɗa hagu a buɗe. Uwargida da manyan yara su ma a nuna musu, don tiyo yana iya fashewa mai gida yana gona.

Ga inda mutane suke ruɗewa. Mutum ya ga ruwa yana feshi, sai ya rufe van rabi, ya ce ya rage ƙarfi. Yawan ruwan da ke zuba kawai ya rage. Da an rufe robine, ƙarfin zai koma yadda yake, ya ci gaba da matsa tiyo da mahaɗi, musamman da dare lokacin da babu mai ɗiba. In ƙarfin ya yi yawa har mahaɗi suna yoyo, akwai wani makulli dabam mai rage ƙarfi. Yawanci ana daidaita shi kan bar 3. Wannan aikin mai gyaran pampo ne.

Kada a rufe makulli da gaggawa. Ruwan da ke gudu in an tsai da shi farat ɗaya, yakan bugi tiyo, a ji ƙara. Bugun nan yana kwance mahaɗi. Robine mai ɗiga kuwa, ba matsewa da ƙarfi yake so ba. Galibi zoben kaucu na ciki ne ya cinye. A rufe van, a kwance kan robine, a sa sabo.

Yoyon ƙarƙashin ƙasa fa? Da dare a rufe dukan robine, a rubuta lambar kontar. Da asuba a duba kafin kowa ya ɗibi ruwa. In lamba ta ƙaru, akwai inda ruwa ke fita. Mita kib 1 lita 1000 ne, wato bido 50 masu lita 20, kuma duk abin da ya wuce ta kontar mai gida ne zai biya.