Abin da Ƙwarin Ƙarƙashin Dutse ke Faɗa Game da Kogi

Masanin da ke son sanin lafiyar kogi yakan shiga ruwa ya ɗaga dutse ya duba ƙarƙashinsa. A nan ne tsutsotsin ƙwari da ƙaguwa da katantanwa ke zaune, wato ƙananan halittu marasa ƙashin baya. Awon ruwa a cikin kwalba yana nuna halin da ruwan ke ciki a ranar da aka ɗebo shi kaɗai, amma waɗannan halittu sukan yi watanni a wuri guda, don haka duk abin da ya gurɓata ruwan sai ya bar alama a kansu.

Mu ɗauki gandun daji na Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, wanda aka kafa a 1991. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma daga tsaunukansa rafuka da dama ke gangarowa zuwa Kogin Taraba, daga nan su faɗa Binuwai. Inda aka bar itatuwan bakin rafi, inuwarsu tana sanyaya ruwa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Litar ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin, amma a digiri 30 sai ta koma wajen 7.5. Saiwoyi suna riƙe ƙasa kada laka ta cike ramukan da ke tsakanin tsakuwa, ganyen da ke zubowa kuma ya zama abinci. A irin wannan rafi ne ake samun tsutsar da ke gina wa kanta kube da yashi, da masu shaƙar iska ta matsatsai masu laushi. Idan aka sare itatuwan, aka yi noma har gaɓa, waɗannan ne ke fara ɓacewa, jajayen tsutsotsin laka masu jure ƙarancin iska su gaje wurin.

Sai dai kogi bai san iyakar gandu ba. Gashaka Gumti ya yi dace domin yana tsare mafarin ruwa. Gandun Kruger na Afirka ta Kudu kuwa yana karɓar Kogin Olifants bayan ya ratsa mahaƙan ma'adinai da gonaki da garuruwa, kuma a 2008 kadoji masu yawa suka mutu a cikinsa.

Malami na iya gwada wannan da ɗalibansa. A kafa gidan sauro a ƙasan ruwa, a motsa tsakuwa da ƙafa daga sama, a juye abin da aka kama a farin faranti, a ƙirga iri nawa ne. A kwatanta rafi mai inuwa da wanda aka share bakinsa. A sa takalman roba, domin katantanwar ruwa mai kwanciya na ɗauke da tsargiya, ƙudan da ke jawo makantar kogi kuma a ruwa mai gudu yake hayayyafa.